Gyaran Tsofaffin Bindigogin Soja a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da 'yan'uwa suka gane cewa a ƙarshen mako nakan shige gareji in yi ta fama da wata tsohuwar bindiga da ta girmi mahaifina, tambayoyi ba su yanke ba. Wani zai tare ni bayan sallar Juma'a, wani kuma daga gida zai turo saƙon murya bayan ya ga wani bidiyo a YouTube. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ina zaune a jihar Ohayo, kuma abin da zan faɗa ya shafi Amurka ne, inda doka ta ba da dama. Maganar gida tana ƙarshe, kuma ina roƙon mai karatu ya kai can kafin ya yanke shawarar komai.

1. Wannan sana'a ce ko me?

Ba sana'a ba ce, sha'awa ce, kamar mai kiwon tantabara ko mai tayar da tsohuwar Vespa. Mutum zai sayi bindigar da wata rundunar soja ta daina amfani da ita shekara saba'in ko ɗari da suka wuce, ya warware ta, ya wanke, ya nemo abin da ya ɓata ko ya karye daga cikin tarin kayan gyaran da sojojin suka bari, ya mayar da ita kan ƙafarta. Daga nan wasu su tafi da ita filin gwajin harbi, wasu farauta, wasu su rataye ta kawai su riƙa kallo.

Masu wannan sha'awa kashi biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Akwai masu mayar da bindiga yadda ta fito daga masana'anta, akwai masu sassaƙe ta su rage mata nauyi ta zama ta farauta. Na yi bayanin rigimar a amsa ta 10. Wanda kuma ya fara karɓar kuɗin mutane yana yi musu gyara a matsayin hanyar cin abinci, ya fita daga sha'awa ya shiga sana'a, kuma sai da lasisin gwamnatin tarayya.

2. Daga ina waɗannan bindigogi suka cika kasuwar Amurka?

Daga yaƙe-yaƙe. Kowane babban yaƙi yakan bar miliyoyin makamai a rumbu, kuma idan soja ya samu sabon samfuri, tsohon sai gwanjo. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani ɗan kasuwa mai suna Francis Bannerman yake wannan fatauci. Kayan da ya kwasa bayan yaƙin Amurka da Sifaniya na 1898 sun yi yawan da a 1900 sai da ya sayi tsibiri guda a kogin Hudson ya gina musu ma'ajiya.

Amma ambaliyar gaske bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta zo. Samuel Cummings ya kafa kamfaninsa a 1953, wanda daga baya aka sani da Interarms, a garin Alekzandiriya ta jihar Bajiniya, ya riƙa zagaya Turai yana sayen rumbunan gwamnatoci sukutum. A lokacin mutum zai ga talla a mujalla, ya aika kuɗi, gidan waya ya kawo masa bindiga har ƙofa. Ta wannan hanya ce Lee Harvey Oswald ya sayi Carcano ta sojan Italiya a 1963, wadda aka kashe Shugaba Kennedy da ita. Bayan an kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, sai aka yi dokar da ta hana aika wa mutum bindiga kai tsaye ta gidan waya, ta kuma rufe ƙofar shigo da rarar makaman soja. A 1984 aka sake buɗe ƙofar ga waɗanda ake lissafa su kayan tarihi. Da Tarayyar Sobiyet ta ruguje a 1991, rumbunan Gabashin Turai suka ɓalle, aka yi ambaliya ta biyu.

3. Waɗanne ne aka fi samu?

Uwa ma ba da mama ita ce Mauser ta 1898, ƙirar Paul Mauser na Jamus. Tsarin sakatarta, wato ƙarfen da ake turawa ya shigar da harsashi ya kulle shi, ya yi ƙarko har yawancin bindigogin farauta na yau jikokinta ne. Ƙasashe da dama sun ƙera ta ko sun saya: Turkiyya, Yugoslabiya, Cekoslobakiya, Ajantina, Iran. Ita kanta Springfield ta 1903 ta sojan Amurka ta yi kama da ita har gwamnati ta biya kamfanin Mauser kuɗin fasaha. Sai Mosin-Nagant ta Rasha, ƙirar 1891, wadda aka ƙera miliyan talatin da wani abu. Ba ta da kyan gani, sakatarta da tauri, amma ba ta san wahala ba, kuma da ita yawancin masu ƙaramin ƙarfi suka fara. Akwai Lee-Enfield ta Ingila mai ɗaukar harsashi goma, da Arisaka ta Japan, da Mauser ta Suwidin ta 1896 wadda masu saiti ke yabo.

Ni dai K31 ta Suwizalan ce ta shiga raina. Ƙasar ba ta shiga yaƙi ba, sojanta kuma a gida yake ajiye bindigarsa, don haka cikin bututun yakan zo yana ƙyalli kamar sabo, ko da gindin katakon ya sha duka. Idan ka kwance sukurori biyu na farantin ƙarfen da ke gindin, sau da yawa za ka tarar da 'yar takarda mai ɗauke da sunan sojan da aka damƙa wa ita, da shekarar haihuwarsa, da rundunarsa, da garinsu. Ranar da na ga tawa, na daɗe zaune da ita a tafin hannu kafin in mayar da ita inda na same ta.

4. A cikinsu akwai wadda ta shafi kakanninmu?

Akwai, Lee-Enfield mai harsashin .303. Ita ce bindigar sojan Ingila da na ƙasashen da ta mallaka, kuma irinta dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 suka riƙe a yaƙin Bama, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, tsakanin 1943 da 1945. Hausawa da yawa suna cikinsu. Sunayen barikoki irin su Kalapanzin a Kaduna, da Cindit a Zariya, da Myohaung a Legas duk daga can suka samo asali. Bayan 'yancin kai ma 'yan sandan Najeriya sun daɗe suna rataye da ita.

Samfuri na huɗu, wanda aka fara rabawa a 1941, an ƙera shi a Fazakali da Maltbi a Ingila, da Long Branch a Kanada, har da kamfanin Savage na Amurka. Don haka idan Bahaushe ya ɗauki ɗaya a shagon gwanjo a nan, ba baƙon abu ya ɗauka ba. Babu yadda za a yi ka tabbatar a hannun wa ta taɓa zama, amma nauyin da za ka ji a kafaɗa, kusan kilo huɗu, shi ne wanda tsofaffin 'yan Bama suka ɗauka cikin damina da laka.

5. Kowa zai iya shiga, ko sai ɗan ƙasa?

Nan ne 'yan'uwanmu suka fi buƙatar natsuwa. Ɗan ƙasa da mai takardar zama na dindindin suna iya saye idan ba su da laifin da ya haramta musu. Za ka je wurin dillali mai lasisi, ka cika fom mai lamba 4473, a binciki sunanka a rumbun bayanan FBI, tsarin da ya fara aiki a 1998. Ƙarya a kan wannan fom babban laifi ne, haka nan saya wa wani da sunanka. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa, asalin hukuncinsa haramci ne, sai 'yan togaciya kamar wanda ya mallaki lasisin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takardu ko riƙewa bai halatta ya yi ba. Laifin bindiga yana iya ci wa mutum takardun zamansa gaba ɗaya, saboda haka mai shakka ya ga lauya tun kafin ya taka shago.

Bayan dokar tarayya, kowace jiha da tata. Abin da ke da sauƙi a Ohayo ko Tekzas yana da matakai masu yawa a Kalifoniya, Niyok, Niyu Jasi, Ilinoi da Masacusets. Akwai kuma lasisin masu tara kayan tarihi, dala 30 na shekara uku, wanda ke ba da damar a aiko maka da bindigar da ta kai shekara hamsin daga wata jiha, da sharaɗin ka riƙe littafin shige da fice. Wannan lasisi na tarawa ne, ba na kasuwanci ba. Ita kuwa CMP, hukumar koyar da farar hula harbi da ke sayar da tsohuwar bindigar soja M1 Garand daga rumbun sojan Amurka, a Aniston ta Alabama da Kam Peri a nan Ohayo, 'yan ƙasa kawai take sayar wa, su ma sai membobin ƙungiyar harbi da ke da alaƙa da ita.

6. Kayan gyara fa, su ma sai an cika fom?

A dokar tarayya, ɓangare ɗaya ne ake kira bindiga: gangar ƙarfen da ke tsakiya, wadda bututu ke ɗaure a gabanta, sakata ke gudu a cikinta, lambar rajista ke jikinta. Ni uwar bindiga nake ce mata. Ita ko tsirara take ba komai a jikinta, hukuncinta na cikakkiyar bindiga ne, sai ta bi ta hannun dillali kamar yadda na faɗa a amsa ta 5. Goge lambar da ke jikinta laifi ne mai kai mutum kurkuku. Sauran kaya kamar ƙota, sukurori, zobban da ke riƙe katako, maratayi da ƙarfen saiti, ana sayensu kamar kayan keke a yawancin jihohi. Kamfanin Numrich a jihar Niyok ya shahara da tsofaffin kaya, Brownells na Ayowa kuma da kayan aiki.

Iyakoki biyu ba a wasa da su. Dokar 1934, da gyaran da aka yi mata daga baya, ta sa duk bindigar kafaɗa irin waɗannan da bututunta bai kai inci 16 ba, ko tsawonta duka bai kai inci 26 ba, sai da rajista ta musamman tun kafin a taɓa ta da zarto. Sannan duk wani yunƙuri na mayar da bindiga mai aman wuta ba ƙaƙƙautawa haramun ne ga mai sha'awa, an rufe wannan ƙofa tun Mayun 1986. Masu wannan harka na gaskiya ko hirarsa ba sa so a yi a garejinsu.

7. Har yanzu da araha kamar yadda ake faɗa?

A'a, wannan zamani ya wuce. A shekarun 2000 ana sayar da Mosin ƙasa da dala 100, har da wuƙar da ake ɗaura mata a baki da jakar harsashi. Yau kuɗinta ya ninka sau da yawa, domin rumbunan sun ƙare kuma babu mai ƙera sabuwa. Harsashin ma ya yi tsada, musamman bayan Amurka ta sa takunkumi kan shigo da na Rasha a 2021.

Idan abin da kake so shi ne bindigar farauta mai sauƙin kuɗi, sabuwar Ruger American ko Savage Axis za ta fi maka, ta zo da wurin ɗora madubin hange. Wanda ya sayi tsohuwar soja ya kai wa gwani ya huda ta, ya lanƙwasa hannun sakata, ya canza kunama da ƙota, zai kashe fiye da kuɗin sabuwa, ya kuma ƙare da abin da bai kai darajar da ya sayo shi ba. Inda arahar ta rage shi ne wurin waɗanda wani ya riga ya yanke wa katako shekaru sittin da suka wuce. Masu tarawa ba sa kallonsu, shagunan jingina na sayar da su da rangwame. Idan ƙarfen bai taɓu ba, wannan ita ce ƙofar mai ƙaramin ƙarfi.

8. Me zan duba kafin in biya?

Da farko ka buɗe sakata, ka duba da ido ka kuma sa yatsa, ka tabbata babu harsashi, ko da mai shagon ya rantse. Sannan ka haska tocila ta baya ka leƙa ta baki. Kana son ganin zanen da ya murɗa a cikin bututun da kaifinsa. Duhu kaɗan ba laifi, amma ramukan tsatsa masu zurfi, ko wani zobe da ke nuna bututun ya taɓa kumbura, ka ajiye ka wuce. Ka duba bakin bututun ko ya ci, domin nan ne saiti ke lalacewa. Ka gwada lambar da ke jikin sakata da ta uwar bindiga. Idan sun saɓa ba lallai ne matsala ba, Rashawa sun cakuɗa sassan Mauser ɗin da suka ƙwace daga Jamusawa, amma ya wajaba a yi awon da na bayyana a amsa ta 12.

A katako, ka nemi tsagewa a bayan uwar bindiga, inda bugun harbi ke sauka. Sai tambura. Kibiya mai faɗi alamar mallakar gwamnatin Ingila ce. Tauraro mai kibiya a ciki na masana'antar Tula ne, kibiya cikin alwatika ta Izhebsk. Haruffan SA cikin akwati na nufin sojan Finlan sun riƙe ta. Furen da ke saman Arisaka alamar Sarkin Japan ce, kuma yawancinsu an goge shi lokacin miƙa wuya, don haka wadda nata ya tsira tana da daraja.

9. Ta zo cike da wani maiƙo mai ɗanko. Yaya zan yi da shi?

Kosmolin ke nan, giris mai kakin da sojoji ke dulmiya makami a ciki kafin a rufe akwati. Shi ya hana ta tsatsa shekara hamsin, kuma shi ne jarrabawar farko ta haƙurinka. Launinsa kamar ɗanyen man ja da ya daskare, warinsa kuma yakan kama riga ya ƙi fita. Ƙarfe ba shi da wuya: a warware, a jiƙa cikin man wanke fenti, a bi da tsohon buroshin haƙori, a wuri mai iska kuma nesa da wuta. Cikin sakata da ɗakin da harsashi ke kwanciya su ne wuraren da ake mantawa, kuma ragowar da ta maƙale a nan ce ke sa sakatar Mosin ta ƙi buɗuwa bayan harbi biyu ko uku.

Katako ne mai cin lokaci, domin ya sha man har cikin ɓargo. Ni nakan naɗe shi da tsumma, in sa a baƙar leda, in ajiye a rana a watan Yuli. Bayan awa biyu za ka tarar yana gumi, digo-digo launin zuma suna fitowa daga jijiyoyin itacen. Ka share, ka mayar, gobe ma haka, wani lokaci har mako biyu. Kada a kai shi tandar girkin gida.

10. In yanke ta ta zama ta farauta, ko in bar ta yadda take?

Sassaƙe bindigar soja yana da tarihinsa mai daraja. Theodore Roosevelt ya tafi farautar Gabashin Afirka a 1909 da Springfield da aka gyara masa. Kamfanin Griffin & Howe da aka kafa a Niyok a 1923 ya yi suna da wannan aiki, Parker-Hale na Bamingham ma ya mayar da Enfield masu yawa na farauta. Tsohon sojan da ya dawo daga yaƙi a 1946, ga iyali ga ƙarancin kuɗi, ya yanke katakon Mauser don ya samo nama, ban ga laifinsa ba. A lokacin bindigogin sun fi masu so yawa.

Yau lamarin ya juya. Abin da aka huda ba ya toshuwa, abin da aka yanke ba ya tsirowa, kuma kowace shekara cikakkun suna raguwa. Ra'ayina a fili yake: wadda ta iso hannunka da cikakken katakonta da tamburanta, amana ce, ka wanke ka bar ta. Idan hannunka na ƙaiƙayi, ga waɗanda aka riga aka yanke da na ambata a amsa ta 7, ka yi musu duk abin da kake so, ko ma ka nemo katako da zobba ka mayar musu da kamanninsu na asali, wanda ni shi ne aikin da ya fi faranta min rai. Akwai hanyar tsakiya: maɗaurin madubi da ke shiga gurbin saitin baya ba tare da huda ba, da ƙotar roba da ake sawa a adana ta asali. Ka kuma sani cewa canza mata siffa yana iya fitar da ita daga rukunin kayan tarihi na lasisin da ke amsa ta 5. Kafin ka wahala, ka duba dokar farautar jiharka. A nan Ohayo ba a yarda a harbi barewa da harsashi mai wuyan kwalba irin .303 ba, amma maƙwabciyarmu Fensilbaniya ta yarda.

11. Katakon ya yi baƙi ya sha duka. In goge shi da samfefa?

Kada ka yi. Wannan kuskure na yi shi a Enfield ɗina ta farko, kuma har yau yana damuna. Na so ta yi sheƙi, na bi ta da samfefa yini guda. Da na share ƙurar, sai na ga 'yan tamburan masu duba aiki da ke bayan kunama sun tafi, gefunan katakon sun zagaye, farantin gindi ya fi itacen faɗi. Shekara saba'in sun bar alamunsu, na share su kafin la'asar.

Abin da ya kamata ya fi haka sauƙi. Bayan an fitar da maiƙo, loɓawar da ba ta yanke jijiyar itace ba tana tashi idan aka ɗora jiƙaƙƙen tsumma aka danna dutsen guga mai zafi, amma a kauce wa inda tambari yake, don shi ma zai tashi. Sannan a koma ga abin da masu ita suka yi amfani da shi. Ingila da Amurka man linsid suke shafawa. Digo kaɗan a tafin hannu, a murza har itacen ya yi ɗumi, a share ragowar, a bari ya kwana biyu, a sake. Rashawa kuwa shalak, wani ruwan ƙaro mai sheƙi da ja-ja, suke shafa wa Mosin. Gargaɗi guda: tsumman da ya sha man linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi a kwandon shara. A shanya shi a waje ko a nutsa shi cikin ruwa.

12. Wane aiki ne bai kamata in yi da kaina ba?

Duk wanda ya shafi ƙarfen da ke riƙe ƙarfin fashewa. Lokacin da harsashi ya tashi, matsin da ke cikin ɗakinsa yakan kai wajen fam dubu hamsin a kan kowane inci murabba'i, alhali tayar motarka talatin da 'yan kai take ɗauka. Kuma wannan abu yana faruwa ne tazarar tafin hannu daga idonka. Saboda haka canza bututu, faɗaɗa ɗakin harsashi, huda uwar bindiga, walda ko kai wuta kusa da ita, da goge haƙoran kunama don ta yi laushi, duk na gwani ne mai injin da horo. Kunamar da aka goge ba bisa ilimi ba tana iya tashi da kanta idan bindiga ta faɗi.

Kafin harbin farko, a kai ta a auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da inda harsashi ke tsayawa. Akwai ma'aunai na ƙarfe da aka yi don haka, kuma aikin mintuna ne a wurin gwani, kuɗinsa kaɗan. Idan tazarar ta yi yawa, kwanson harsashi na iya tsagewa, iskar wuta ta dawo fuska. Awon ya zama dole musamman idan an sauya sakata. A Enfield samfuri na huɗu an yi kawunan sakata masu lamba daga sifili zuwa uku don daidaita wannan tazara, amma wanda ya auna ne zai faɗi wanda ya dace. Tabarau na kariya da abin toshe kunne kuma kullum ne.

13. Akwai waɗanda sam ba a harbawa?

Akwai. Springfield ta 1903 da lambarta ke ƙasa da 800,000 daga masana'antar Springfield, ko ƙasa da 285,507 daga ta Rock Island, an yi kuskure wajen gasa ƙarfen wasunsu, ya yi gautsi, wasu sun tarwatse. Enfield mai haruffan DP an ware ta ne don fareti kawai. Japan ta ƙera bindigogin horar da ɗalibai masu kama da Arisaka waɗanda ba a yi su don harsashin gaske ba. Jamus ta ƙara faɗin harsashinta na milimita 8 a farkon ƙarni na 20, don haka tsofaffin ƙirar 1888 sai an auna bututunsu. Ga kuma waɗanda wani ya canza musu harsashi bai rubuta a jiki ba. Duk wannan gwanin da ke amsa ta 12 zai gano shi.

14. Me ya sa bututuna ya yi tsatsa kwana biyu bayan harbi?

Tsohon harsashin soja ka harba. Sinadarin da ke kunna albarushinsa yana barin gishiri a cikin bututu, gishiri kuma yana jawo danshi. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne ke narkar da shi. A ranar da ka yi harbi, ka zuba ruwan zafi ta cikin bututun, ka share fuskar sakata, ka busar sarai, sannan ka shafa mai. Ka ɗauki duk harsashin rarar soja na Gabashin Turai a matsayin mai gishiri. Ka kuma wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko ɗaukar yaro, saboda dalma.

15. Da wane kayan aiki zan fara?

Kaɗan ne. Sukudireba irin ta masu gyaran bindiga, mai baki miƙaƙƙe da ke cika tsagar sukuru, domin ta gida tana zamewa ta ɓata kan sukurun da ya shekara ɗari lafiya. Sai turakun tagulla na fitar da ƙusa, ƙaramar guduma mai kan roba, matsa mai laushin baki, sandar wanke bututu, man da ke kwance tsatsa, da fitila mai haske. Ka ɗauki hoto a kowane mataki, ka zuba ƙananan kaya a kwandon ƙwai bi da bi. Sukurun da ya ƙi kwancewa a ɗiga masa mai a bar shi ya kwana. Amma kafin duk waɗannan, ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi kuma a wani wuri daban. Gidajenmu cike suke da yara, namu da na baƙi.

16. Zan iya aika kayan gida, ko in yi irin wannan a Najeriya ko Nijar?

A'a, kuma ina faɗar haka da dukkan zuciyata. Fitar da bindiga, ko sassanta, ko harsashi, har da madubin hange, daga Amurka ba tare da lasisin fitarwa ba laifin tarayya ne, kuma ana ɗaure mutane a kan ɓoye su cikin motoci da gangunan kaya masu zuwa Afirka ta Yamma. A can gida, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja, har da masu harsashin .303 da milimita 7.62, cikin rukunin haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma ta lissafa sassan bindiga a matsayin bindiga. Ƙerawa, haɗawa da gyarawa duk sai da izini. Hatta bindigar toka ta maharba tana da lasisinta a wurin Kwamishinan 'yan sanda. Ƙera makaman soja aikin DICON ne, kamfanin makamai na gwamnati da aka kafa a Kaduna a 1964. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta hana safarar ƙananan makamai tsakanin ƙasashe sai da izini na musamman, Nijar ma ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma.

Ko da doka ta yi shiru, mun san abin da bindiga ta yi wa Zamfara, Katsina, Sakkwato, Borno, Maradi da Diffa. Na san mai tambayar sau da yawa tsoro ne ya sa shi, yana da uwa da ƙanne a ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya, kuma ban raina wannan tsoro ba. Amma abin da ya tsallaka iyaka a ɓoye ba ka da iko da hannun da zai ƙare a ciki. Mutum biyu sun taɓa roƙona in sa musu wasu ƙananan sassa cikin kayan da nake aikawa da azumi. Na ce musu ba zan yi ba, na kuma gaya musu dalili. Ɗaya ya daina gaishe ni, ɗayan har yanzu yakan zo gareji ran Asabar ya riƙe min tocila.